Durom da benci za su iya tsayar da mota a bakin masallacin Juma'a?

Wani bawan Allah da ke cikin kwamitin masallacin Juma'a na unguwarsu ya rubuto da wannan tambaya: "Masallacinmu a bakin babban titi yake, kuma duk Juma'a sahu sai ya fito har kan kwalta. Da durom da benci da igiya muke tare hanya, 'yan agaji na tsaye a wurin. Tun da na ga labarin motar da ta kutsa cikin jama'a a New Orleans ranar sabuwar shekarar 2025 hankalina bai kwanta ba. In ƙasa mai arziki irin Amurka ta kasa, mu abin da muke yi yana da amfani kuwa? Kuma me ya kamata mu yi?"

Malam, Allah ya saka da alheri da wannan tambaya. Durom da benci da igiya suna da amfani guda ɗaya tak: suna gaya wa direba mai hankali, wanda burkinsa ke ci, cewa yau babu hanya ta nan. Iyakar aikinsu ke nan. A aikinmu na tsara hanyoyi, shinge iri biyu ne, akwai mai faɗakarwa, akwai mai tarewa, kuma ɓarna takan fara ne ranar da mutane suka kafa na farko suka kwanta barci a kan cewa na biyu suka kafa.

Kafin mu je New Orleans, gara mu san wane direba muke tsoro. Labaran da suka fi yawo na masu mugun nufi ne: babbar mota mai nauyin tan 19 da ta bi ta kan masu kallon wasan wuta a birnin Nis na Faransa ranar 14 ga Yulin 2016 ta kashe mutum 86, da ta kasuwar Kirsimeti a Balin a Disambar wannan shekarar, da ta Basalona a Agustan 2017. Musulmi ma an yi musu, domin a watan azumin 2017 wani ya tuƙa mota cikin mutanen da suka fito daga sallar dare a unguwar Finsbury Park ta Landan, aka rasa rai ɗaya. Amma ba su kaɗai ba ne. A Yulin 2003, a Santa Monica ta jihar Kalifoniya, wani dattijo ɗan shekara 86 ya taka totur a maimakon burki, ya ratsa kasuwar manoma da ke ci a kan titi, mutum 10 suka mutu. Abin da aka tare titin da shi a ranar bai wuce irin bencinku ƙarfi ba. A Billiri ta jihar Gombe kuma, a Afrilun 2025, babbar mota ce burkinta ya ƙi ci ta afka wa masu jerin gwanon Ista. A titunanmu irin wannan ya fi kusa da ku: tirela mai tsohon burki a kan gangara, ɗan koyo, mai maye, wanda barci ya sace, ko yaran da ke wasa da mota ranar ɗaurin aure. Sauƙin abin shi ne shinge ba ya tambayar niyyar direba. Wanda ya tare mugu zai tare wanda mota ta ƙwace wa.

To me ke tsayar da mota? Akwai ɗan lissafi a nan, kuma duk sauran maganar a kansa take. Ƙarfin da mota ke dukan abu da shi ya danganta da nauyinta da gudunta, sai dai ba rabo ɗaya suke ci ba. In nauyi ya ninka biyu, ƙarfin dukan ya ninka biyu. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin dukan ya ninka huɗu. Mota mai tan 7.5 da ke gudun kilomita 80 a awa tana ɗauke da kusan ninki uku na ƙarfin da take da shi a kilomita 48. Tirela mai tan 30 kuwa, ko da lallaɓawa take a kilomita 30, ta fi ƙaramar mota mai tan ɗaya da rabi da ke sharara gudu a kilomita 80 ƙarfin duka kusan sau uku. Ka ɗora wannan a kan durom, ko an cika shi da yashi, ka ga abin da zai rage.

Ba durom kaɗai ba. Bayan harin Nis da na Balin, garuruwan Jamus sun yi ta jera manyan tubalan kankare a bakin kasuwanni da wuraren biki. A 2017 wani gidan talabijin ya sa hukumar gwajin motoci ta DEKRA ta gwada su. Tubalan kowanne ya haura tan biyu, aka sako musu mota mai tan 10 a gudun kilomita 50, ta ture su gefe ta wuce. Dalili kuwa, ajiye su aka yi a kan kwalta ba tare da an kafe su a ƙasa ba, kuma abin da aka ajiye, komai nauyinsa, zamewa yake. Mafi muni, tubalin da aka daka yakan zama makami, ya yi cikin mutanen da aka ce yana karewa. Haka dogayen kankaren nan da ake raba tagwayen hanya da su: an ƙera su ne domin motar da ta goge su ta gefe su mayar da ita kan hanya. In ba a sarƙe su da juna ba, aka zo musu gaba da gaba, tura su za a yi.

Shinge mai tarewa na gaske turke ne na ƙarfe mai kauri, tsayinsa kamar mita ɗaya, wanda ƙarfinsa ke ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya gani. Ko dai a haƙa masa rami mai zurfi a zuba kankare da rodi, ko kuma, inda bututun ruwa da wayoyi suka hana haƙa, a shimfiɗa faffaɗan ƙarfe mara zurfi a ɗaure turakun gaba ɗaya a kansa, ta yadda in an daki ɗaya duk 'yan'uwansa za su taya shi riƙewa. Kuma ba a yarda da bakin mai sayarwa. Mota ta gaske ake sako wa turken a filin gwaji, a rubuta nauyinta, da gudunta, da ta wane ɓangare ta doke shi, da nisan da ta shige bayan dukan. Birtaniya ta daɗe tana amfani da ma'auninta mai suna PAS 68, Amurka na da ASTM F2656, sannan akwai na duniya, ISO 22343. Duk wanda ya zo sayar muku da turke ya ce yana tsayar da tirela, ku nemi takardar gwajin, ku duba gudun da aka rubuta a ciki. Tazarar da ake bari tsakanin turke da turke ba ta wuce mita 1.2, yadda keken guragu da mai tura baro za su wuce, mota ba za ta wuce ba. A-daidaita-sahu faɗinta ya kai kusan mita 1.3, saboda haka ita ma ta tsaya. Babur zai bi, wannan aikin 'yan agaji ne.

Irin waɗannan turaku suna aiki, an gani. A Mayun 2017 wani ya hau gefen titi da mota a dandalin Times Square na New York, ya yi ta bin mutane, ya kashe yarinya ɗaya ya raunata kusan ashirin, har ya zo ya daki turakun ƙarfe, motar ta kafe a kansu. Da babu su, dandali ne cike da jama'a a gabansa.

Yanzu New Orleans, wadda ta hana ka barci. Ka ce ƙasa mai arziki ta kasa, to ba kuɗi ne suka gaza ba. Titin Bourbon, inda abin ya faru, an kafa masa turaku masu buɗewa da rufewa tun 2017, bayan harin Nis. Sai dai titi ne na biki, kuma tarkace, har da duwatsun wuyan roba da ake watsawa lokacin bikinsu na Mardi Gras, sun riƙa toshe hanyar da turakun ke bi, suka daina aiki yadda ya kamata. Sai aka cire su domin a sa sababbi kafin babban wasan ƙwallon Amurka da birnin zai karɓa a Fabrairun 2025. A daren sabuwar shekara aikin bai ƙare ba. Aka gindaya motar 'yan sanda a bakin titin, ta tare kwalta, amma ba ta tare gefen da masu ƙafa ke bi ba. Da misalin ƙarfe uku da kwata na dare mutumin ya zo da motar a-kori-kura ta haya, mai aiki da lantarki, ya hau gefen titi, ya kewaye motar 'yan sandan, ya shiga. Mutum 14 ya kashe. Bayan haka aka ji cewa birnin na da wasu shingayen ƙarfe na tafi-da-gidanka a ajiye, waɗanda ba a fito da su ba sai da mai afkuwa ta afku.

Kwana goma sha biyu kafin wannan, ranar 20 ga Disambar 2024, an yi irinsa a kasuwar Kirsimeti ta Magdeburg a Jamus. An kewaye kasuwar da tubalan kankare, an bar ƙofa saboda motar asibiti da 'yan kwana-kwana, kuma ta nan maharin ya bi, mutum 6 suka rasu. A Liverpool, ranar 26 ga Mayun 2025, lokacin da dubban magoya baya ke murnar cin kofin Firimiya, an ɗage shinge na ɗan lokaci domin motar asibiti ta je wurin wani mara lafiya, wata mota ta bi bayanta ta shige, mutum fiye da ɗari suka ji rauni. Wurare uku, ƙasashe uku, dukansu da shinge, kuma babu inda aka karya shingen. Hausawa sun riga sun faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa in na je duba wuri ba na fara kallon ƙarfin abin da aka kafa. Ƙofa nake nema, da wanda ke riƙe da ita, da lokacin da yake buɗe ta, da kuma wanda yake buɗe wa.

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce tamu, kuma ka san abin da nake nufi. An tare hanya, liman ya hau mumbari, sai ga baƙar jif ta taho, direba ya sauke gilashi ya ce Alhaji ne, ko mai girma wane ne. Ɗan agajin da bai wuce shekara ashirin ba ya ja benci gefe. Motoci biyu suka bi bayan jif ɗin, bencin kuma ba a mayar da shi ba sai an tayar da iƙama, in ma an mayar. Ba laifin yaron ba ne, an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Kwamiti ne zai yanke doka a rubuce, liman ya sanar a gaban kowa, a fara da motocin 'yan kwamitin kansu: daga ƙarfe kaza, mota ba ta wuce wuri kaza, kowa ya sauka ya tako. Tsofaffi da marasa lafiya a ware musu wurin sauka a wajen shinge, kusa da wata ƙofa ta gefe. In ba ku iya wannan ba, ko turakun Landan aka kawo muku a kyauta asara ce.

Tunda na ambaci Landan, su ma ihu bayan hari suka yi. An kai hari da mota a kan gadar Westminster ranar 22 ga Maris 2017, ba a sa wa gadojin birnin shinge ba, sai da aka sake yi a gadar Landan ranar 3 ga Yuni, sannan cikin 'yan kwanaki shingaye suka bayyana. Ko Harami bai tsira ba: a ƙarshen Oktoban 2020 wani ya ratsa shingayen farfajiyar Masallacin Makka da mota har ya daki ɗaya daga cikin ƙofofinsa. Allah ya kiyaye, dare ne kuma lokacin korona, babu cunkoso, ba wanda ya ji rauni.

To ku da ba ku da kuɗin turaku, me za ku yi? Koma kan lissafin nan na gudu, domin a nan ne talaka ke da rabo. Rage gudun motar kafin ta iso ya fi ƙara wa shinge ƙarfi araha nesa ba kusa ba. Abin da ya sa ɓarnar Nis ta yi yawa, titin bakin teku ne miƙaƙƙe, motar ta yi tafiyar kusan kilomita biyu a cikin mutane. Miƙaƙƙiyar hanya mai nuno sahu kai tsaye ita ce abokiyar gabarku. Saboda haka kada shingen farko ya zama a bayan sahun ƙarshe. A kai shi can baya, mahaɗar da ke gaban taku, a karkatar da motoci tun daga can, musamman tirela da tanka da tipa. In titin gangara ne, ɓangaren sama shi ne mai haɗari, can za ku zuba ƙarfinku. Wannan kuwa ba aikin da kwamiti zai yi da ra'ayin kansa ba ne. A nemi 'yan sanda da hukumar kiyaye haɗurra, a Kano a haɗa da KAROTA, a samu izini da hanyar da za a karkatar da mutane. Hanya tana da haƙƙi, kuma maƙwabcin da ba sallar zai je ba, ko mai kai matarsa asibiti, bai kamata ya rasa mafita ba.

Shinge mai ƙarfi mafi sauƙin samu a garuruwanmu shi ne tipa cike da yashi. Kada ka raina ta, birnin New York da kansa manyan motocin shara da na yashi yake gindayawa a mahaɗu a daren sabuwar shekara. A samu guda biyu, cikin masallata ba a rasa mai tipa ko mai babbar mota. Kada a jera su baki da baki. Ɗaya ta tare hannun dama tun daga jikin gini ko kwata, har da gefen titi, ɗayar ta tare hannun hagu a ɗan gaba da ita, kowacce ta ɗan zarce tsakiyar titi. Abin da ya rage a tsakaninsu hanya ce mai lanƙwasa irin tafiyar maciji, wadda motar asibiti za ta bi a hankali, amma babu mai bin ta a guje. Ka ga an samu ƙofar gaggawa ba tare da an bar irin ƙofar Magdeburg ba. A ja burkin hannu, a bar su a giya, a sa waigi a tayoyi, direba ya zauna kusa da makulli a aljihunsa. Tanka kuwa kada a kuskura a yi shinge da ita, ko da an ce babu mai a ciki.

A bar fili tsakanin motocin da sahun ƙarshe, gwargwadon yadda wurin ya ba da dama, domin abin da aka daka yakan matsa, ɓaraguzai kuma sukan yi tsalle. Na san da wuya, domin duk inda aka ga inuwar mota nan ake shimfiɗa darduma, nan mai turare da mai asuwaki ke baje kaya. Su ma 'yan agaji a gaya musu su tsaya daga gefe. Sau da yawa nakan ga yaro a tsakiyar titi ya ɗaga hannu, shi ne shingen. Jikin ɗan Adam bai taɓa tsayar da mota ba.

Akwai kuskure na biyu, wanda tsoron na farko ke haifarwa, wato a killace mutane har su rasa hanyar gudu. Taro in ya firgita, ko da ƙarar fashewar taya ce, turereniya na iya kashe fiye da abin da motar za ta kashe. Shi ya sa masana suka fi son turaku a kan katanga: mota ba ta shiga, mutane kuma suna fita ta ko'ina. Duk lungun da ke fita daga wurin sallar, in mota ba za ta iya shigowa ta cikinsa ba, a bar shi a buɗe, kada a cika shi da babura.

Lokacin da na fi jin tsoro ba lokacin huɗuba ba ne, bayan sallama ne. Liman na yin sallama sai a janye shinge, direbobin da suka yi rabin awa suna jira su taso a fusace, alhali titi cike yake da tsofaffi da yara da masu neman takalmi. Shinge ya zauna har titi ya yi sarari, kuma mutum ɗaya ne zai ba da umarnin buɗewa, ba duk wanda ya gaji da tsayuwa ba. Haka a filin idi, haka a tashi daga tafsiri da tarawihi, inda duhu ke ƙara wa abin nauyi.

In Allah ya hore muku kuɗi nan gaba, ku nemi injiniyan gini ya zana muku turaku na bututun ƙarfe mai kauri cike da kankare, a kan tushe ɗaya mai rodi da ya haɗe su duka, ba kowanne da ɗan raminsa ba. Ku sani cewa abin da ba a gwada da mota ba, ba wanda zai rantse muku a kan gudun da zai tare, amma tsakaninsa da durom akwai tafiya mai nisa. Kuma ba lalle wurin ya koma kamar barikin soja ba. Masu kallon ƙwallo sun san manyan haruffan kankare da suka rubuta sunan Arsenal a gaban filin Emirates, inda baƙi ke ɗaukar hoto. Shingen mota ne aka yi masa ado. Dakalin zama mai tushe a ƙasa, da manyan bishiyoyi, da lambatu mai zurfi da ke gefen titinku, duk suna cikin lissafi, sai dai a lura da inda aka rufe lambatun da kankare domin shiga shago ko gida, saboda nan ma ƙofa ce.

Kafin ku kashe ko kwabo, ku ɗauki takarda ku zagaya wurin ku uku ko huɗu, har da direban babbar mota a cikinku, shi zai ga abin da ba za ku gani ba. Ku zana duk inda taya huɗu za ta iya bi ta kai ga sahu: ta hannun da ba nata ba, ta gefen titi, ta filin makaranta ko gidan mai da ke maƙwabtaka, ta lungun bayan masallaci. Sannan ranar Alhamis da yamma ku kawo tipofin ku jera su yadda za su tsaya gobe, ku nemi mota mai girman motar asibiti ta bi ta lanƙwasar ku gani. In ta wuce ba tare da direban ya taka burki ba, ku matso da su kusa da juna. In ta maƙale, ku ɗan buɗa, ku sa fenti a kwalta daidai inda kowace taya ta tsaya.